Shin nasarar 'yan Najeriya a Amurka ta ƙaryata zancen wariyar launin fata?

Malam Na-Zariya:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Akwai wata tambaya da ta daɗe tana yi mini yawo a zuciya, kuma tun da a cikinmu akwai mazauna Amurka da waɗanda suka karanci ilimin zamantakewa, na ga ya dace in kawo ta gabanku. Kullum muna jin cewa baƙaƙen fatar Amurka suna baya a dukiya da lafiya da aikin yi, kuma dalilin da ake bayarwa shi ne wariyar launin fata. To amma 'yan Najeriya da suke zuwa can su ma baƙaƙe ne, ga lafazinsu daban, ga ba su da kowa a ƙasar, duk da haka sai ka ji sun zama likitoci da injiniyoyi da malaman jami'a. Idan launin fata ne yake rufe ƙofa, ta yaya ya bar ta a buɗe ga wanda ya sauka daga jirgi jiya? Hujja nake nema, ba irin labaran da ake yaɗawa a Facebook ba.

Baban Ummi:
Wa alaikumus salam, Malam. Ka faɗi abin da mutane da yawa suke jin nauyin faɗa. A ganina maganar tarbiyya ce da tsarin iyali. An hana bauta a Amurka tun 1865, an kafa dokar 'yancin jama'a a 1964, har baƙar fata ya yi shugabancin ƙasar shekara takwas. Duk wanda ya zauna yana jiran a share masa hawayen kakanninsa, baƙon da ya zo da jaka ɗaya zai wuce shi.

Malamin Ƙididdiga:
Malam, tambayarka tana da kyau, amma kwatancen da aka gina ta a kai yana da rami a ƙarƙashinsa. Ɗan Najeriyar da ya isa Amurka ba kowane ɗan Najeriya ba ne. Kafin ya hau jirgi an riga an tace shi sau da yawa: ya yi karatun boko mai zurfi, ya iya Turanci, ya samu kuɗin biza da na jirgi, ya tsallake tambayoyin ofishin jakadanci, kuma yana da ƙarfin zuciyar barin gida. Wato an rairaye buhu guda an zaɓi tsabar da ta fi kyau, sannan aka ɗora ta a ma'auni da buhun wani da ba a rairaye ba. Da za a yi adalci, sai a kwatanta dukan 'yan Najeriya, har da manomin ƙauye da ɗan dako na kasuwa, da dukan baƙaƙen Amurka, kuma na san ba wanda zai so a yi wannan awon.

Masana sun lura da wannan tun tuni. Douglas Massey da abokan aikinsa sun duba ɗaliban da suka shiga manyan jami'o'i 28 na Amurka a 1999, suka tarar kashi 27 cikin 100 na baƙaƙen ɗaliban waɗanda suka yi ƙaura zuwa Amurka daga wasu ƙasashe ne ko 'ya'yansu, alhali a cikin baƙaƙen matasa masu irin wannan shekarun ba su wuce kashi 13 ba. Abin da ya fi bambanta su da sauran shi ne zurfin karatun iyayensu maza. Saboda haka nasarar baƙon tana nuna cewa ilimin gida yana da ƙarfi ƙwarai, amma ba ta nuna cewa ƙofar a buɗe take ga kowa daidai wa daida ba. Wannan tambaya ce ta daban, kuma hanyar amsa ta ita ce gwaji.

Malam Na-Zariya:
Na karɓi maganar rairaya, Dokta, domin na san irin waɗanda suka tafi daga unguwarmu. Amma wane irin gwaji za a yi wa zuciyar mai ɗaukar ma'aikata? Ai ba zai ce maka ya ƙi mutum don launinsa ba.

Malamin Ƙididdiga:
Ba a tambayarsa, Malam, tarko ake ɗana masa. Marianne Bertrand da Sendhil Mullainathan sun haɗa takardun neman aiki na bogi kusan 5,000, suka aika wa masu tallar guraben aiki a jaridun Boston da Shikago, suka buga sakamakon a 2004. Takardun iri ɗaya ne a ilimi da ƙwarewa, sunan da ke sama kawai ake canzawa ta hanyar ƙuri'a: wasu a sa musu sunan da aka san fararen fata da shi kamar Emily da Greg, wasu kuma a sa Lakisha ko Jamal. Mai sunan farar fata yakan samu kira ɗaya a cikin takardu goma, mai sunan baƙar fata sai ya aika kusan goma sha biyar. Abin da ya fi damuna a binciken shi ne, da aka ƙara wa takardun inganci, ƙarin ya amfani masu sunan farare sosai, su kuwa ɗayan ɓangaren bai tsinana musu wani abin kirki ba.

Devah Pager ta yi wanda ya fi wannan tsauri a birnin Milwaukee. Ta tura samari na gaske, farare da baƙaƙe, bayan an horar da su su riƙa amsa tambaya iri ɗaya, zuwa wuraren aiki 350, wani lokaci su ce sun taɓa zaman gidan yari saboda laifin ƙwaya, wani lokaci su ce ba su taɓa ba. Farin da ba shi da laifi an kira shi kashi 34 cikin 100, farin da ya ce ya fito daga kurkuku kashi 17, baƙin da ba shi da tabon komai kashi 14, baƙi mai laifi kuwa kashi 5. Ka sake duba lambobi biyu na tsakiya, Alhaji Baban Ummi. Nan ba a kai ga zancen tarbiyya ba, domin duk samarin 'yan jami'a ne da aka zaɓo aka shirya.

Ɗalibar Zamantakewa:
Ranka ya daɗe Dokta, ina neman izinin in kawo abin da aka soki waɗannan gwaje-gwajen da shi, domin a aji an koya mana kada mu karɓe su ido rufe. Roland Fryer da Steven Levitt sun duba takardun haihuwa na jihar Kalifoniya, suka nuna cewa irin waɗannan sunaye sun fi yawa a gidajen da talauci ya fi yi wa katutu, kuma idan aka kwatanta masu asalin gida iri ɗaya, sunan shi kaɗai ba ya rage wa mutum rabo a rayuwa. Ke nan mai yiwuwa ne mai karanta takardar ba launi kaɗai yake hangowa a cikin sunan ba, har da aji. Akwai kuma sukar James Heckman, wanda ya ce gano wariya a wasu wuraren aiki ba ya gaya mana nawa take rage wa ma'aikaci a albashi, tun da mai neman aiki yakan kauce wa inda aka ƙi shi ya tafi inda za a karɓe shi.

Wani babban gwaji na baya-bayan nan ma ya ɗan goyi bayan wannan. Patrick Kline da Evan Rose da Christopher Walters sun aika takardu wajen 83,000 ga manyan kamfanoni 108, suka samu tazara, amma ƙarama ce fiye da ta 2004, kuma kashi ɗaya cikin biyar na kamfanonin su ne suke da alhakin kusan rabin kiran da baƙaƙe suka rasa. A kamfanoni da yawa ba a ga bambancin a zo a gani ba.

Malamin Ƙididdiga:
Madalla da ke, ƙanwata, haka ake so. Ban ƙi ko ɗaya daga cikin abin da kika kawo ba. Sai dai ki lura cewa sukar suna ba ta taɓa aikin Pager ba, domin ita fuska ta tura ba suna ba. Sannan a 2017 Lincoln Quillian da abokansa sun tattara irin waɗannan gwaje-gwajen da aka yi tun 1989, suka tarar farare suna samun kira fiye da baƙaƙe da kusan kashi 36 cikin 100, kuma tazarar ba ta ragu ba a tsawon waɗannan shekarun. Maganar Heckman kuwa gaskiya ce a lissafi, amma wanda dole sai ya zaga ya nemi ƙofar da za ta buɗe masa, ai zagayen ma haraji ne da ɗan'uwansa bai biya ba.

Ɗan Damagaram:
Jama'a barkanmu da war haka. Ni a Faransa na yi karatu, kuma can lamarin ya sha bamban, domin wata doka ta 1978 ta taƙaita tattara bayanan launi da asalin mutane, don haka gwamnati ba ta fitar da irin alƙaluman da Amurkawa suke muhawara a kansu. Wasu suna ganin hakan daidaito ne, wasu kuma suna cewa rufe ido ne. Da masu bincike suka so gane gaskiya, su ma tarkon takarda suka ɗana. Claire Adida da David Laitin da Marie-Anne Valfort sun aika takardun mata biyu masu sunan iyali ɗaya na Senegal, ɗaya Marie Diouf ɗaya Khadija Diouf, aka kira Marie kusan ninki biyu da rabi na yadda aka kira Khadija. Dukansu a idon mai karatu baƙaƙe ne 'yan asalin ƙasa ɗaya, addini ne ya raba su. Na kawo wannan ne don Malam ya ga cewa kowace ƙasa da inda take ja layinta, kuma abin da aka gano a Milwaukee ba lallai ya zama shi ne a birnin Liyon na Faransa ba.

Baban Ummi:
To na ji. Amma ku gaya mini gaskiya, kira zuwa ganawar aiki shi ne zai sa a samu irin gagarumar tazarar dukiyar da ake faɗa? Ruwa ba ya tsami banza. Ni har yanzu ina ganin akwai abin da yake cikin gida, ko ma cikin jini, da ake jin kunyar ambata.

Malamin Ƙididdiga:
Alhaji, a rabin farko na maganarka ina tare da kai: kiran ganawa shi kaɗai ba zai haifar da ita ba. Binciken Babban Bankin Amurka na 2022 ya nuna cewa idan aka jera iyalan farare daga mafi talauci zuwa mafi arziki, na tsakiyar layi yana da dukiyar dala 285,000, na tsakiyar layin baƙaƙe kuwa dala 44,900. Dukiya ba albashin bana ba ce, tari ce ta zuriya, kuma a Amurka gida ne babban rumbunta. Daga shekarun 1930 hukumomin gwamnati suka riƙa zana taswirar birane suna shafa jan launi a unguwannin baƙaƙe a matsayin wuraren da ba su dace a ba da bashin sayen gida ba, kuma sai a 1968 doka ta haramta wariya a harkar gidaje. Wanda ya riga ka barci dole ya riga ka tashi. Kakan da ya sayi gida a 1950 ya bar wa jikansa kuɗin jami'a, wanda aka hana kuwa ya bar masa takardar haya.

Game da gida da jini, aikin da ya fi dacewa ka sani shi ne na Raj Chetty da Nathaniel Hendren da abokansu, wanda ya fito a 2018. Sun haɗa bayanan haraji da na ƙidayar jama'a na yara kusan miliyan 20 da aka haifa daga 1978 zuwa 1983, suka bi su har suka girma. Sun tarar cewa yaro baƙi namiji da yaro fari, iyayensu masu samu ɗaya, suna unguwa ɗaya, idan sun girma farin ya fi samu a kashi 99 cikin 100 na unguwannin ƙasar. Ɗan baƙar fatar da aka haifa a gidan masu hali, wato kashi ɗaya cikin biyar na sama, yiwuwar ya faɗo can ƙasa kusan daidai take da yiwuwar ya zauna a saman, alhali ga ɗan farar fata yiwuwar ya zauna a sama ta ninka ta faɗowa kusan sau biyar. Tazarar kuma tana nan ko a gidajen da uwa da uba suke tare.

Amma ga inda gizo yake saƙar. Da aka duba mata, sai tazarar ta ɓace: mace baƙa da mace fara da suka tashi a gidaje masu samu ɗaya, abin da kowacce take samu da hannunta kusan ɗaya ne. Idan jini ne, ai wa da ƙanwa jininsu ɗaya. Idan tarbiyyar gida ce kaɗai, ai tukunya ɗaya suka ci. Akwai abin da yake samun yaro namiji baƙi a wajen gida, a makaranta da titi da hannun 'yan sanda da wurin neman aiki, wanda ba ya samun 'yar'uwarsa da irin wannan ƙarfin. A cikin samarin baƙaƙe da suka tashi a gidajen da suka fi kowa talauci, kashi 21 cikin 100 suna tsare a ranar da aka yi ƙidayar 2010. Rana ɗaya tak ake magana.

Maman Yasir:
Assalamu alaikum. Na daɗe ina karantawa ban sa baki ba, amma maganar Dokta ta ƙarshe ta taɓa ni. Ni ma'aikaciyar jinya ce a jihar Maryland, kuma ba zan ɓoye muku ba, shekarun farko da na zo ra'ayina irin na Alhaji ne sak. Nakan ce a raina, mu da muka zo da akwati ɗaya mun tsaya da ƙafarmu, su me ya hana su? Har nakan ji daɗi idan majinyaci ya ji lafazina ya ce ai ke daban ce.

Abin da ya sauya ni ɗana ne. A nan aka haife shi, Turancinsa irin na yaran unguwa ne, kuma babu wanda zai gan shi a titi ya san iyayensa daga Katsina suke. Ranar da ya samu lasin tuƙi ina ta murna a wurin aiki, sai wata abokiyar aikina, dattijuwa baƙa da ta haife ni a shekaru, ta ja ni gefe ta tambaye ni ko na zaunar da shi na yi masa bayani. Ban gane ba. Ta ce in gaya masa idan ɗan sanda ya tsayar da shi da dare ya kunna fitilar cikin mota, ya sauke gilashi, ya ɗora hannayensa biyu a kan sitiyari inda za a gan su, kada ya miƙa hannu aljihu ko akwatin gaban mota sai ya faɗi abin da zai ɗauko an ba shi izini. Ta faɗa mini ne kamar yadda uwa take koya wa amarya girki, babu fushi babu ɗaga murya. Haka mahaifinta ya koya wa yayyenta, haka ta koya wa nata 'ya'yan. Da daddare na zaunar da yaron a teburin cin abinci na maimaita masa, sai ya ce, Mama, ai abokaina sun riga sun gaya mini tun muna aji tara. 'Yata kuwa da ta samu nata lasin, ba wanda ya ja ni gefe.

Ɗalibar Zamantakewa:
Allah ya kare mana su, Mama. Labarinki ya kawo mu ɓangaren ra'ayi, wanda har yanzu ba mu taɓa ba. A wani fanni an samu sauyi mai ban mamaki: kamfanin Gallup ya tambayi Amurkawa a 1958 ko sun yarda da aure tsakanin fari da baƙi, kashi 4 cikin 100 ne kawai suka yarda, a 2021 kuwa kashi 94. Amma idan aka koma ga yadda kowane ɓangare yake kallon halin da ake ciki, sai ka ga kamar ba ƙasa ɗaya suke ba. A binciken cibiyar Pew na 2016, kashi 88 na baƙaƙe sun ce har yanzu ƙasar tana buƙatar sauye-sauye kafin su samu daidaito, farare kuwa kashi 53 ne suka ce haka. Kuma ko waɗannan lambobin ana taka-tsantsan da su, domin an daɗe da sanin cewa amsar mutum takan canza gwargwadon launin wanda yake yi masa tambayar.

Maman Yasir:
Haka ne, 'yata, kuma ra'ayin nan yana bin mutum har gadon asibiti. Nakan ga dattijo baƙi ya riƙe hannuna kafin in yi masa allura, ya ce sai na karanta masa abin da ke jikin kwalbar. Da farko ina ɗauka taurin kai ne, sai daga baya na san tarihin Tuskegee a jihar Alabama, inda hukumar lafiya ta gwamnatin tarayya ta riƙa bin wasu maza baƙaƙe 399 masu ciwon tunjere daga 1932 har 1972 ba tare da ba su magani ba, don a ga yadda ciwon yake cin jiki, ko bayan da fenisilin ya zama maganin da kowa ya sani. Sai a 1997 Shugaba Clinton ya nemi gafara. Marcella Alsan da Marianne Wanamaker sun nuna cewa bayan tonuwar asirin maza baƙaƙe sun rage zuwa asibiti, har suka ƙiyasta cewa hakan ya rage wa ɗan shekara 45 abin da ya kai shekara ɗaya da rabi na tsawon ran da ake sa masa rai.

Baban Ummi:
Hajiya, na ji maganarki kuma na janye zancen jini, domin hujjar wa da ƙanwa ta ɗaure ni. Amma ban janye zancen iyali ba. Dokta, ka faɗi gaskiya, shin binciken nan na su Chetty da ka kawo bai ce komai game da iyaye maza ba?

Malamin Ƙididdiga:
Ya ce, Alhaji, kuma ba zan tauye maka haƙƙinka ba. Unguwanni kaɗan da samari baƙaƙe suka fi yin kyau a cikinsu, kamar Silver Spring da ke kusa da Hajiya a Maryland da wasu sassan Queens a Niyok, suna da abubuwa uku: talauci kaɗan ne, ƙyamar baƙaƙe a tsakanin fararen yankin ba ta da yawa, sannan iyaye maza baƙaƙe da yawa suna zaune da iyalansu. Sai dai abin da ya ba masu binciken mamaki shi ne, ba uban yaron shi kansa ne kaɗai yake da tasiri ba, yawan iyaye maza a unguwar ne, har ga yaron da nasa uban ba ya gida. Mu da muka tashi inda maƙwabci yake iya tsawata wa ɗan wani ba za mu ga wannan baƙon abu ba. Amma ƙasa da kashi 5 cikin 100 na yaran baƙaƙe ne suke tashi a unguwar da talauci ya gaza kashi 10 kuma fiye da rabin iyayen maza suna nan, alhali fiye da kashi 60 na yaran farare a irin wannan unguwar suke. Sannan dole mutum ya tambayi inda iyayen suka tafi, kuma lambar gidan yarin da na kawo ɗazu tana cikin amsar. Wannan ɓangaren kuma dangantaka ce aka gani a alƙaluma, ba gwaji aka yi ba kamar na takardun neman aiki, don haka ba na ɗora masa nauyin da na ɗora wa wancan.

Malam Na-Zariya:
Na gode muku duka. Abin da ya rage mini yanzu shi ne jikoki. Hajiya ta zo da ilimin Katsina da lafazin da ya sa ake ce mata daban ce, ɗanta kuwa ba shi da lafazin, amma yana da ita a gida. Nasa ɗan fa, wanda ba zai san Katsina ba sai a hoto? Hajiya, ke da kike ganin su a masallaci da wuraren suna, waɗanda suka riga ku zuwa tun shekarun 1980, yaya jikokinsu suke?

Maman Yasir:
Yawancinsu har yanzu ƙanana ne, Malam, manyan ba su wuce sakandare ba. Mata dai suna ta ɗibar lambobin yabo. Mazan kuwa, ranar Juma'ar da ta wuce wata kaka ta tsayar da ni a bakin masallaci tana tambayata ko na san malamin da zai riƙa zama da jikanta bayan makaranta, domin sau biyu ke nan ana dakatar da shi a zangon nan, kuma ubansa likita ne.